Fitilar da Ta Hana Inna Hawa Soro

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Na manta sunayen garuruwan da muka yada zango a Chadi, na manta fuskokin mutanen da muka ci abinci a kwano ɗaya da su a Sudan, wani lokaci ma sunan jikana sai na tsaya na laluba. Amma kwana taran nan da na kunna fitila a ƙofar rumfata a Makka, su kam ba abin da zai goge mini su, na san da su za a sa ni a kabari. Da ƙwan lantarki guda ɗaya na hana wata tsohuwa, wadda ta riƙe ni kamar ɗan cikinta, hawa wurin da shi kaɗai take iya numfashi a cikinsa. Ina yi ina washe baki, ina jira a yaba mini.

A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ne, lokacin ina ji da ƙuruciya. Ni mutumin ƙasar Kano ne. Shekara huɗu na yi a hanya, na ciri auduga a Sudan, na yi dako a bakin teku, kafin jirgin ruwa ya tsallakar da mu. Na shiga Makka da zazzaɓi a jikina, ban san kowa ba, aka dai nuna mini unguwar Tandabawi aka ce can zan sami masu jin Hausa. Na kai kaina da ƙyar, na zube a inuwar wata katanga. Mai katangar ce ta fito zubar da ruwa ta gan ni. Wata tsohuwa ce Basakkwatiya, 'yar ƙarama, kowa a layin Inna yake ce mata. Ba ta tambaye ni sunana ba sai da na yi kwana uku ina shan kununta.

Wata biyu na yi a zaurenta. Ita ta ce in kama sana'ar tsire, wanda mutanen can suke kira siriya kuma suke mutuwar so. Ita ta samo mini ɗaki da 'yar rumfa daura da gidanta, tsakaninmu taku bakwai ne. Bayan shekara uku ita ta shige gaba aka nema mini aure a unguwar Misfala. Tana da ɗa guda, tela, ya girme ni sosai, ina kiransa Yaya. Mutum ne da za ka wuni da shi bai yi magana goma ba. Shi da matarsa da Inna su ke nan a gidan.

Inna tana da fuka, tsohuwar fuka da ta zo da ita tun daga gida. Da sanyi-sanyi ba ta cika damunta ba, amma in zafi ya kankama sai ƙirjinta ya riƙa kuka, kana daga bakin ƙofa kana ji. Wanda bai yi bazara a Makka ba ba zai gane abin da nake nufi da zafi ba. Gari ne tsakanin duwatsu, rana ta wuni tana gasa su, in ta faɗi su kuma su kwana suna amayo abin da suka sha. Ɗaki ba ya shiguwa. A lokacin ba mu san wata na'urar sanyaya ɗaki ba, ko fanka sai gidan wane da wane. Abin da ya rufa wa mutane asiri shi ne saman soro, wanda suke kira suɗuh. Da an sallame isha'i mata da yara da tsofaffi sai su hau, a yayyafa ruwa a daɓe, a shimfiɗa tabarmi. A nan mace take cire lulluɓinta, ta cire kallabi, ta rage kayan jikinta ta sha iska. Inna takan jiƙa zane guda ta yafa, ta jingina da matashi biyu, a haka take samun barci. In ba ta hau ba, zaune take kwana.

Unguwar a jikin dutse take, gida bisa gida. Wanda yake sama yana iya leƙa soron wanda yake ƙasa, katangar soron kuwa iyakarta ƙirji. Abin da yake tsare mutuncin matan nan duhu ne kawai. Ko farin wata ba ya tona asiri, inuwa-inuwa kake gani, ba ka bambance kowa. Duk wannan na sani, da idona na ga yadda gidajen suke, shekara nawa ina zaune a wurin. Haɗa wannan da wancan ne kaina bai yi ba.

Akwai wata doka a layinmu da na tarar tun zamanin fitilar kananzir. Duk fitilar da za ka rataya a waje, kada ta wuce saman ƙofarka, kuma sai ka kifa mata wani abu a ka don hasken ya zuba ƙasa. Da aka jawo mana lantarki, umda, wato mai unguwarmu, ya bi gida-gida ya sake nanata ta. Sai ka ga kowace ƙofa da ɗan ƙwai guda, an yanka gwangwanin madara ko na man shanu an yi masa hula. Ni abin dariya yake ba ni. Na ɗauka tsoron wuta ne irin na tsofaffin da suka girma a duhu. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili, domin wanda aka haifa a wurin bai san akwai mai buƙatar a gaya masa ba. Ni kuma ban tambaya ba. A lokacin ina ganin wanda ya ga fitilun tashar jiragen ruwa a Sudan ya wuce a koya masa yadda ake rataya ƙwai.

Bazarar da abin ya faru, abubuwa uku ne suka haɗu, kowanne ya cire mini wanda zai ja mini kunne. Matata, haihuwar Makka, wadda ta san kan unguwa ciki da bai, ta tafi gidansu goyon ciki na fari. Ni kuma kunyar surukai ta sa iyakata ƙofar gida, in aika da gaisuwa in juyo. Umda ya hau Ɗa'ifa shan iska kamar yadda masu hali suke yi in zafi ya yi zafi. Sannan wani mai tsire ya buɗe rumfa a bakin babbar hanya, can ƙasa da mu, yana tare mini mutane tun kafin su hawo. Wannan na ukun shi ya hana ni sukuni. Ga haihuwa tafe, ga ragunan suna a gabana, ga wani yana shan gabana da rana tsaka.

Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mai ita yake jin ba a taɓa yin mai wayonsa ba. Na je kasuwa na sayo ƙwai mafi girma da na samu, na samo wani dogon bututun ƙarfe na ruwa da aka yar, na ɗaure shi a jikin bangon rumfata da waya. Mai gyaran wuta da na kira ya ɗaga kai ya dubi tsawonsa, ya dube ni, ya ce, "Har can sama, ya Hajji?" Na ce har can, kuma ba na son hula. Ya ɗaga kafaɗa ya yi aikinsa, shi ba ɗan unguwar ba ne. Bututun nan ya zarce rufin ɗakina, ya zarce katangar soron Inna da kamu biyu ko uku.

Da aka yi magariba na kunna. Layin nan ya yi fes, kana iya tsintar allura. Yara suka fito suna tsalle suna bin inuwarsu. Mutane daga babbar hanya suka hango haske suka biyo shi, kafin isha'i nama ya ƙare tas. Kaina ya fasu. Da na tashi kwanciya a gadon igiyata a bakin rumfa, inda nake kwana da zafi kamar sauran maza, sai na ce ai ba zan kashe ba, bari in bar wa masu tafiya sallar asuba su ga hanya. Har lada nake lissafa wa kaina. Ina kwance a gindin bututu, rumfa ta yi mini inuwa, ban taɓa tunanin inda sauran hasken yake sauka ba.

Kashegari da yamma Yaya ya tsallako. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bututun, yana murza hularsa a hannu. Lamba suke ce wa fitila a can.

"Masha Allah," ya ce. "Wagga lamba akwai haske. Har cikin gida muna ganinta. Har bisa."

Na ce, "Ai Yaya ba ka ga komai ba, in Allah ya hore sai na ƙara ta biyu."

Na naɗe masa tsire a takarda na tura masa. Ya karɓa, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya yi godiya ya juya. Yau in na tuna kalmar nan tasa, "har bisa", sai in ji kamar in mari kaina. Mutumin da ba ya magana ya tattaro duk abin da yake da shi ya ajiye a gabana, ni kuma na biya shi da tsire.

A rana ta huɗu wani dattijo Balarabe mai sayar da turare, wanda gidansa yake ƙarshen layi, ya tsaya a gabana da sandarsa. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, sauke wannan abu. Mamnu' ne, an hana. Aib ne." Da ya ja ni gefe ya yi mini bayani, wataƙila da na ji. Amma a gaban masu sayen nama ya faɗa, ni kuma a lokacin zuciyata a kusa take. Kalmar aib ɗin nan, wato abin kunya, ita ta tsaya mini a wuya. Na ce masa wutar nan ni nake biya, bangon nan ni nake haya, in akwai takardar da ta hana ya kawo in gani. Na ƙara da cewa wasu mutane ba sa son ganin baƙo ya ɗaga kai. Dattijon ya dube ni kallon da ban gane ba sai daga baya, ya ce, "Allah ya shirye ka," ya wuce. Ni kuwa na bi masu sayen nama da kallo ina jiran su ce na yi daidai.

Kullum da safe nakan leƙa in gaida Inna, wannan ban fasa ba. A kwanakin nan sai na riƙa samunta a zaure, zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanunta sun faɗa, ƙirjin nan yana ta kuka. Rana ta shida na durƙusa na ce, "Inna, jikin ne?"

"Zahi na, ɗana. Zahi na kawai."

"To ai sai ki riƙa hawa sama da wuri, ki sha iska."

Ta jawo numfashi da ƙyar. "Gwiwa ta hana ni hawa kwanakkin ga."

Na yarda. Har na je na sayo mata man zafi na shafawa, na kawo ina jin ni ɗan kirki ne. Ta karɓa ta sa mini albarka, ta tambaye ni kasuwa. Na zauna na cika ta da labarin fitila, yadda mutane suke biyo haske tun daga babbar hanya, yadda mai rumfar ƙasa ya koma korar ƙuda. Tana ta murmushi tana cewa madalla. Matar Yaya tana daga ciki, na ji ta ajiye kwano da ƙarfi, na ɗauka suɓuce mata ya yi.

Rana ta tara nama ya ƙare da wuri. Bayan isha'i sai na ji ina sha'awar in ga fitilata daga nesa, yadda masu hangowa suke ganinta. Can sama da layinmu, a kafaɗar dutse, akwai wata gahawa ta wani tsoho mutumin Yaman, inda maza suke zama shan shayi. Abin da yake kai mutane wurin iska ce, domin kujerun dogaye ne na igiya, a jere a bakin gangare, kana zaune kana fuskantar gari iska tana bugun fuskarka. Na sa farar riga na hau, ina shirya abin da zan ce in an fara yabo.

Da na isa sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. An juya kujerun gaba ɗaya. Mutum wajen goma sha biyar suna zaune sun ba gari baya, sun fuskanci dutse, dutsen da yake fitar da zafi kamar bakin tanda. Gumi yana zuba a wuyansu, suna shan shayinsu a haka. Na yi sallama na ce cikin raha, "Yau kuma dutse ake kallo? Me ya yi muku?"

Aka amsa sallama kawai. Ba wanda ya matsa mini wuri. Mai gahawar ya ajiye butarsa, ya goge hannu, ya zo ya kama ni a wuyan hannu kamar ƙaramin yaro, ya ja ni zuwa bakin gangaren.

"Kai ne mai lamba," ya ce. Ba tambaya yake ba. "Duba sau ɗaya, sannan ka sunkuyar da kanka."

Na duba. Ga fitilata can a tsakiya tana ci. Kewaye da ita kuwa sorayen mutane ne, bakwai ko takwas, kowanne a buɗe tar kamar an ɗaga masa murfi. Ina ganin randunan ruwa, ina ganin tabarmi a naɗe, ina ganin igiyar shanya da abin da ke kanta. A wani soron an ɗaura zannuwan gado an yi ƙoƙarin yin labule, iska ta kwance gefe guda yana lilo. Mafi kusa da fitilar, wanda ya fi kowanne haske, soron Inna ne. Ga tabarmarta a shimfiɗe, ga matasanta biyu, ga 'yar butarta a kife. Daga inda nake tsaye ina iya ganin facin da ke jikin matashin. Kuma duk sorayen nan, a tsakiyar bazarar Makka, babu mutum ko ɗaya a kai.

Ban san lokacin da na dafa kafaɗar tsohon ba. Ya ce, a hankali yadda sauran ba za su ji ba, "Daren farko muna zaune muna fuskantar can. Mata sun hau kamar kullum, ba su lura da inda hasken ya kai ba sai da suka kwanta. Kafin mu ankara mun ga abin da bai halatta mu gani ba. Akwai wata tsohuwa a wancan soron, ita ta fara ganewa. Ba ta iya tashi da sauri ba. Da rarrafe ta kai bakin matakala, tana jan zane tana rufe jikinta." Ya saki hannuna. "Tun ranar muka juya kujeru. Amma su ba su san mun juya ba, kuma ba mu kaɗai ne a saman dutsen nan ba."

Na sha jin ana cewa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙari ake yi ba. Gwiwa. Man zafi. Kwana tara tsohuwar nan tana zaune a zaure tana kokawa da numfashi, taku bakwai daga inda nake kwance ina minshari, ina lissafin lada. Ban yi wa kowa sallama ba. Na gangaro da gudu, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba, na faɗa rumfa na kashe wutar.

Layin ya yi duhu. Na tsaya ina haki, hannuna a kan makunnin. Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙarasa ni. Ba a yi minti biyu ba na fara jin ƙofofi suna buɗewa a cikin gidaje, na ji takun ƙafafu a matakala, dama da hagu, gaba da baya. Na ji ana jan tabarmi, ana watsa ruwa a daɓe, wata uwa tana kiran 'ya'yanta da Larabci su hawo, wani jariri da ya daɗe yana tsala kuka ya yi shiru. Ashe unguwa guda a zaune take a cikin ɗakuna, kowane dare, ana jira ko Allah zai sa in kashe.

Gidan Inna ne kaɗai ban ji motsi ba. Na tsallaka na buga ƙofa. Yaya ya buɗe da 'yar fitilar hannu, ya matsa na shiga. Tana zaure inda na saba samunta, amma yanzu ba ta iya zama da kanta, matar Yaya ce ta tallafe ta tana yi mata fifita. Leɓɓanta sun yi baƙi. Numfashin ma ya daina kuka, sai wani ɗan ja-ja da take yi kamar mai shan abu da tsinke.

Na ce, "Yaya, na kashe. Mu kai ta sama."

Muka lulluɓe ta, muka ɗora ta a tabarma, shi ya kama kai ni na kama ƙafa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Muka kwantar da ita a kan matasanta, matar Yaya ta jiƙa zane ta yafa mata. Na koma bakin matakala na tsuguna na ba su baya. Mun daɗe a haka. Sannu a hankali na ji kukan ƙirjin ya dawo, ban taɓa zaton zan yi murna da jin wannan ƙara ba. Can ta kira ni.

Na matso ina kallon ƙasa. Na ce, "Inna, don Allah me ya sa ba ki gaya mini ba? Kalma ɗaya. Da na farfasa ta a gabanki."

Sai da ta huta kafin ta amsa, tana yi tana tsayawa. "Da wane baki za ni ce maka maza sun ga bayana? Kai ɗana na." Ta sake hutawa. "Kuma tun da ka zo garin ga ban taɓa ganin kana dariya irin ta kwanakkin ga ba. Na ce ma yayanka, in ya yi maka magana ban yahe ba. Na ce zahi ai wucewa shi kai."

Na kifa kaina a daɓen soron na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

Da gari ya waye na kwance bututun da hannuna, na bi gida-gida ina neman gafara, na fara da dattijon nan mai turare. Wasu suka ce ba komai, wasu suka amsa daga bayan ƙofa ba su buɗe ba, kuma ban ga laifinsu ba. Muka kai Inna asibiti, aka yi mata allura, aka ba ta magani, likita ya ce ƙirjin ya gaji, zuciyar ma ta gaji. Ta dawo gida. Kowace yamma ni da Yaya muke ɗaukarta mu hau da ita, da asuba mu sauko da ita. Ta ɗan farfaɗo, har ta sha kunu da kanta, har ta tambaya ko matata ta sauka. Amma ba ta sake taka matakalar nan da ƙafarta ba. Kwana goma sha shida bayan na kashe fitilar, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa. Matata ta haihu bayan kwana biyar, Inna ba ta ga yarinyar ba.

Kowa ya ce ajali ne, tsohuwa ce, ciwon ya daɗe. Na yarda ajali ne, ba mai ƙara wa wani kwana ko ya rage masa. Amma ajali yana da sababi, kuma ni na san abin da idona ya gani a zauren nan. Na so a ce wani ya zage ni. Na so Yaya ya ci kwalata ko sau ɗaya, da na sami sauƙi. Bai yi ba, har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba. Ranar jana'iza, da aka fito da makara za a nufi Harami da ita, na ja baya na raɓe a cikin mutane, ina ganin ban isa in taɓa ta ba. Ya waiga ya neme ni har ya gan ni, ya miƙo hannu ya jawo ni gaba, ya ɗora mini ƙafar makarar ta dama a kafaɗa.

"Kama," ya ce. "Mu biyu ta bari."

Na yi shekaru masu yawa bayan wannan, na zauna a unguwanni daban-daban, na tarar da dokoki iri-iri da ban gane kansu ba. Ban sake raina ko ɗaya ba. In na ga mutanen wuri sun taru a kan wani abu da ya yi mini kama da shirme, nakan nemi dattijo in zauna in tambaye shi wa abin yake karewa, domin sau da yawa akwai wani mai rauni a bayansa wanda ba zai iya fitowa ya yi wa kansa magana ba. Na kuma daina ɗaukar shirun mutane a matsayin yarda. Wanda ba ya ƙaunarka shi zai yi maka ihu tun ranar farko. Mai ƙaunarka yana iya zama taku bakwai daga ƙofarka, abin da kake yi yana cinye shi, kana gaishe shi kowace safiya yana ce maka madalla.